Kuɗina ba su da yawa, wace kyamara zan saya don bidiyo mai kyau?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar bidiyon biki da suna da wayata a nan Zariya, ina kuma saka gajerun wasanni a YouTube. Na tara 'yan kuɗi, ba su kai miliyan ɗaya ba, ina so in sayi kyamara ta sosai. Abokaina sun ce kada in kuskura in sayi wadda ba ta yin 4K. Wasu na cewa Canon, wasu na cewa Sony. Wacce za ta ba ni hoto mai kyau ba tare da ta lashe kuɗin duka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a cikin neman. Kafin in kira maka sunan ko da kyamara ɗaya, ɗauki kuɗin nan ka raba su biyu. Rabi na gangar kyamara ne, wato jikinta ba tare da lensi ba. Ɗaya rabin na lensi ne, da makirfo, da fitila, da batura, da memori. In ka ga kyamarar da za ta ci maka fiye da rabi, to ba taka ba ce a bana, komai kyanta. Na sha ganin yaro ya zuba duk abin da ya tara a kan ganga, ranar biki kuma ka gan shi yana bin gidajen abokan sana'a yana aron batir da lensi. Ba zan yanka maka farashi da naira ba, don tun da aka saki naira a 2023 kayan nan dala suke bi, abin da aka faɗa maka yau ba shi za ka tarar wata mai zuwa ba. Rabon nan kuwa yana nan yadda yake ko dala ta hau ko ta sauka.

Maganar 4K da abokanka suka kafa maka, akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda suke zuzuta ta ba. 4K na nufin hoton yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na 1080p, mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. To wa zai kalli wannan yawan? Uwar amarya a waya za ta kalla, bayan an tura mata ta WhatsApp ya matse shi ya tsotse rabin kyansa. Masu kallonka a YouTube da yawansu da kansu suke rage ingancin hoton don kada data ta ƙare. Abin da idon mai kallo yake kamawa shi ne: fuska ta fito da kalarta, hoton ba ya rawa, ba ya dishi-dishi, kuma ana jin abin da ake faɗa. 1080p mai tsabta da haske mai kyau ya fi 4K da aka ɗauka a duhu nesa ba kusa ba.

Sannan 4K yana da hidima. Yawancin ƙananan kyamarorin nan suna rubuta shi a kan megabit 100 a daƙiƙa, wanda ya kama kusan gigabayit 45 a awa ɗaya. Lissafa kamu, da ɗaurin aure, da dina, ka ce awa biyar ka ɗauka: ka haura gigabayit 200 a biki guda. Ina za ka zuba su? Laftof ɗinka za ta iya jan su wajen tacewa, ko sai ta riƙa tsayawa tana nishi? Inda 4K yake da amfani na gaske wuri biyu ne. Kana iya matso da hoton wajen tacewa ba tare da ya fashe ba, sai hira da kyamara ɗaya ta zama kamar da biyu aka yi ta. Kuma kana iya yanko hoton tsaye na TikTok daga na kwance, ya fito garau. Don haka in ka samu mai 4K cikin kuɗinka, madalla. Amma kada lambar ta zama ita ce alƙali.

Alƙalin shi ne wurin aikinka. Kai ba a ɗakin sanyi za ka yi aiki ba. Za ka tsaya a ƙofar masallaci da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, da daddare kuma ka shiga zauren taro mai fitilu masu launi, sifika tana girgiza bango, mutane suna giftawa ta gabanka. Kyamarar da za ta yi maka wannan sai ta jure zafi, ta riƙe fokas a kan fuska, wato fuskar ta fito garau ba dishi-dishi, ta iya da ƙarancin haske, kuma ta zama da ramin saka makirfo. Wadda ba ta da wannan ramin, ko kallonta kada ka yi.

Fara da zafi, don shi ne abin da masu bitar kyamara na Turai da Amurka ba sa damuwa da shi kamar mu. Duba littafin kusan kowace irin wannan kyamara, za ka ga an rubuta tana aiki daga digiri 0 zuwa 40. Mu kuwa a bazara iskar gari kanta tana haura 40, balle baƙar ganga da rana ke duka. Sony a6300 da ta fito a 2016 hotonta na 4K yana da kyau ƙwarai, shi ya sa za ka same ta da araha kana murna, amma ta yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi ta kashe kanta. Ka yi tunanin waliyyi yana cikin bayar da aure, sai alamar zafi ta fito. Ba a maimaita ɗaurin aure saboda mai kyamara. Wannan ita ce ta farko da zan ce ka bari.

In ni ne kai, ta hannu zan nema, kuma Sony a6400 zan fara tambaya. A 2019 ta fito. Fokas ɗinta yana kama fuska ya bi ta, ko amarya tana tahowa cikin ƙawaye ba ya sakinta cikin sauƙi, kuma ga wanda yake aiki shi kaɗai ba mataimaki, wannan ya fi komai. Ba ta da iyakar nan ta minti 29 da daƙiƙa 59 da tsofaffin kyamarori suke tsayawa a kai. Iyakar nan ma ba ta rasa nasaba da haraji: Tarayyar Turai ta kasance tana ɗora kuɗin fito a kan duk abin da ya ɗauki minti 30 a jere, don tana lissafa shi a kyamarar bidiyo, sai kamfanoni suka riƙa datse nasu da daƙiƙa ɗaya. A cikin saitinta akwai wurin da za ka ɗaga ma'aunin zafin da take kashe kanta a kai, ka mai da shi sama tun ranar farko. Aibinta kuma ka san shi tun yanzu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba ta da abin hana rawar hannu a cikin ganga. In ka juya ta da sauri a 4K, gine-gine da sanduna sai su karkace kamar za su faɗi. Batirinta ƙarami ne. Kuma ba ta da ramin iyafis da za ka ji sautin da kake ɗauka.

Ƙanwarta ZV-E10 ta 2021 kusan cikinsu ɗaya, tana da ramin iyafis, allonta yana buɗewa ta gefe, kuma sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi. Abin da aka cire mata shi ne ɗan tagar nan da ake kanga ido a leƙa. A ɗaki ba za ka damu ba. A cikin hasken ranar Zariya kuwa, allo yakan koma kamar madubi, ba ka ganin komai sai fuskarka. In aikin waje ya fi yawa, a6400. In wasanninka na YouTube da hira a ɗaki sun fi yawa, ZV-E10.

Akwai wadda nake so a raina fiye da waɗannan, wato Panasonic GH5 ta 2017. Doki ce ta aiki. Tana ɗauka awa da awanni ba ta gajiya, tana da abin hana rawa a ciki, tana cin memori biyu a lokaci guda ta rubuta abu ɗaya a kan kowanne, an toshe gaɓoɓinta saboda ƙura da yayyafi, kuma tana rubuta launi mai zurfin bit 10, wato matakai 1024 a kowane launi maimakon 256 na sauran. Ga mai shirya wasa, wanda zai tsara fitila ya ce a sake in ba ta yi ba, ban san wadda ta kai ta a kuɗinta ba. Amma fokas ɗinta na kai-da-kai yana da shawagi, sai ya je ya dawo yana neman fuska, kuma da yake sensarta, wato farantin cikin ganga da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ta fi ƙanƙanta, zaure mai duhu yana wahalar da ita. Wanda zai riƙe ta sai ya koyi murza fokas da hannu. In kana da haƙurin wannan, ka saye ta, za ka fito gwani. In biki ne abincinka na yau da gobe, Sony ta fi yi maka sauƙi.

In kuɗin sun gaza duk waɗannan, koma wa Canon, kuma ba abin kunya ba ne. Tun da 5D Mark II ta fito a 2008 ta buɗe ƙofar yin fim da kyamarar hoto, Canon ta cika hannun masu sana'ar nan, shi ya sa lensinta da batirinta da mai gyaranta suka fi sauƙin samu. Nemi 70D ta 2013, ko 200D ta 2017, ko 80D ta 2016 mai ramin iyafis. Dukkansu suna da fokas ɗin da Canon ke kira Dual Pixel, mai tafiya a hankali ba fizga, kuma kalar fatar mutum tana fitowa da daɗin kallo ba sai ka sha wahalar gyara ba. 1080p kawai suke yi, kuma suna tsayawa kafin minti 30, sai ka riƙa lura kana sake dannawa a inda magana ta lafa. Kada ka sauka ƙasa da haka zuwa 600D don araha. Tana katsewa wajen minti 12, ba ta bin fuska, kuma irin waɗannan tsofaffin suna da wata cuta da ta fi damun mu fiye da kowa: in suka haɗu da ƙananan zane masu maimaituwa, kamar saƙar hular zanna ko leshin amarya ko aikin wuyan babbar riga, sai ka ga wasu launuka suna rawa a kai kamar bakan gizo. Ba ya gyaruwa wajen tacewa.

Za a nuna maka Canon M50, a ce ga 4K da araha. 4K ɗin nata na talla ne: da ka kunna shi sai hoton ya matse sosai, Dual Pixel ɗin kuma ya daina aiki. A 1080p kyamara ce mai kyau, amma Canon ta daina yin wannan layin, don haka ka san inda kake zuba kuɗin lensi. Za kuma ka ji masu yabon Blackmagic Pocket 4K ta 2018. Hotonta na silima ne, ba musu. Sai dai batirinta da ƙyar yake kai awa, ba ta bin fuska, fayilolinta manya ne. Kayan da za ka saya ka rataya mata kafin ta yi aiki sun isa su sayi wata kyamarar. Bar ta sai ka yi ƙarfi.

Wani ɗan ratse. In da ka ce mini tafsirin azumi ko wa'azi ko taron siyasa kake ɗauka, da duk wannan jerin na ajiye shi na ce ka nemi kyamarar bidiyo ta asali mai hannu a sama, irin Canon XA. Ana kafa ta a bayan masallaci, ta zuƙo fuskar malam daga nesa, ta yi awa biyu tana jone da wuta, makirfo ya shiga ta babbar waya. Bayan mutum ba ya dushewa kamar na fim, amma wa ya zo tafsiri neman wannan?

Yanzu lensi, inda rabin kyan hoton yake. Ɗan lensin da ake haɗowa da kyamara, in ka zuƙo shi ƙarshe buɗewarsa f/5.6 ce, ita kuwa lambar f ɗin nan, ƙaramarta ce ta fi shigar da haske. Lensi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Bambancin ke nan tsakanin dina mai yashi-yashi da dina mai tsabta, a kyamara ɗaya, a zaure ɗaya. A Canon, 50mm f/1.8 STM shi ne mafi arahar abin kirki da za ka taɓa saya. Sai dai a kan waɗannan gangunan yana matsowa kamar 80mm, ya yi kyau a fuskar amarya, amma a ɗakin da aka cika da gado da kwaba ba inda za ka ja da baya. Don haka kada ka yar da ɗan lensin da ya zo da ita, shi zai fitar da kai a ƙuntataccen wuri. A Sony, Sigma 30mm f/1.4 ko 16mm f/1.4. A Panasonic, 25mm f/1.7. Ɗaya ya ishe ka farawa. Kuma a hunturu ka rage cire lensi a fili. Kyamarorin nan marasa madubi a ciki, irin Sony da Panasonic ɗin da na ambata, da ka cire lensi sensa tsirara take, ƙurar da ta sauka a kai kuma za ta zauna a wuri ɗaya a kowane hoto har ƙarshen bikin.

Ga wani abu da ba kuɗi yake ci ba, sani yake ci. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Fitilu da yawa suna ƙiftawa daidai da bugun wutar, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. In ka ɗauka da saitin Amurka a ƙarƙashin fitilunmu, sai ka ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a hoton. Maganinsa ka sa kyamara a PAL, wato tsarin bidiyo na ƙasashe masu wuta irin tamu, firem (hoto) 25 a daƙiƙa, shota kuma, wato tsawon lokacin da kowane firem yake shan haske, a 1/50 na daƙiƙa. In kana son tafiyar hawainiya, firem 50, shota 1/100. Wannan ya shafi sayayya kai tsaye, domin wasu kyamarorin da aka yi wa kasuwar Amurka, irin Panasonic G7, ba su da firem 25 sam. Shiga saiti ka gani da idonka kafin ka biya. Haka wasu Sony da aka yi wa kasuwar cikin Japan, rubutunsu Japananci ne kawai, ba ya canzuwa. In an koma janareta kuma, bugun wutar yakan ɗan kauce, sai ka riƙa matsa shota kaɗan kana kallon allo har layukan su kwanta.

Da rana matsalar ta juye. Shota 1/50 da lensi a buɗe a tsakar rana, komai zai ƙone ya yi fari fat. Abin da ake yi shi ne a ɗaura wa lensi baƙin gilashin da ake kira ND, mai juyawa, kamar tabarau. Ba shi da tsada, kuma in babu shi lensinka mai f/1.8 ba shi da amfani a waje. A ɗaurin aure za ka haɗu da jarrabawar da ta fi kowacce: baƙar fata cikin farar shadda mai ƙyalli. In ka bar wa kyamara ta zaɓa, shaddar za ta ruɗe ta, ta rage haske, fuskar ango ta nutse. Kai ne za ka saita da hannu, ka bi fuska, ka bar shadda ta ɗan yi haske in dai aikin jikinta bai ɓace ba. In da hali ka ja su inuwa, ko ka sa rana a bayansu.

Sauti kuwa, mutane suna yafe hoto mai rauni, amma ba sa zama kan bidiyon da ba sa jin magana. Makirfon cikin kyamara na jin iska ne da hayaniya. Don wasanninka da hira, ɗan makirfon maƙalawa a riga irin Boya BY-M1 mai waya mita shida ya wadatar a farko, daga baya ka sayi marar waya. Don biki, nemi ƙaramin rikoda irin Zoom H1n, ka je wurin mai kiɗa tun kafin a fara, ka gaishe shi da mutunci, ka roƙi ya ba ka layi daga miksarsa, ka rage ƙarfin shigar don kada ya fashe. Muryar mai gabatarwa da waƙar shigowar amarya za su fito kamar a situdiyo. Fitila kuma, guda ɗaya mai batir da za ka ɗora a sanda ta fi ƙarin dubban da za ka zuba a ganga. Kada dai ka manna ta a goshin kyamara kana haske idon mutane, ɗaga ta sama ka kawar da ita gefe kaɗan. Gimbal, wato marikin nan mai inji da ke hana kyamara rawa in ana tafiya da ita, zai iya jira. Sandar kafa kyamara mai ƙafa uku, mai kai mai laushi, ita ce gaba, da sanda mai ƙafa ɗaya don kutsawa cikin taro.

Batura uku ne mafi ƙaranci, da caja mai cin biyu. a6400 da ZV-E10 duka suna karɓar wuta daga fawabank suna cikin ɗauka, wannan kaɗai ya raba ka da zullumin an ɗauke wuta.

Memori kuwa, a nan ne na taɓa kwana ban runtsa ba. Na sayi kati a wani shago, an rubuta gigabayit 64 a jikinsa, kwali da tambari komai daidai. Na ɗauki wunin biki cur, kyamara ba ta yi ƙorafi ba. Da na zo juyewa, fayilolin farko suka buɗe, sauran duk suna nan da sunansu amma ba komai a ciki. Ashe katin ƙarami ne aka yi wa ƙaryar girma, yana cika sai ya riƙa zubar da abin da ake ba shi. Kunyar zuwa gidan nan in yi bayani har yau ban manta ta ba. Tun daga ranar, duk katin da na saya sai na cika shi taf a kwamfuta da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, ta tabbatar mini da girmansa, kafin ya shiga kyamara. Nemi mai alamar V30 ko U3, wato alamar saurin rubutun kati, kuma kati biyu masu 64 sun fi ɗaya mai 128, don in ɗaya ya ci amanarka ba duka ka rasa ba.

Wajen saye, zuwa da kai ya fi aike. Ko a Kano ne, ko Kaduna, ko ka sa a kawo daga Ikeja ko Alaba a Legas, kada kuɗi su fita sai kayan sun zo hannunka ko hannun wanda ya san aikin. Tafi da katinka, da makirfonka, da iyafis. Kunna ɗauka a mafi girman saiti ka ajiye ta a kan kanta ta yi rabin awa kuna hira da mai shago, ka ga ko za ta yi zafi ta mutu. Adadin hotunan da aka ɗauka da ita ba zai gaya maka wahalar da ta sha a bidiyo ba, wannan gwajin ne zai gaya maka. Rufe lensi da murfinsa, ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, ɗauki daƙiƙa goma, ka duba ko akwai ɗigon ja ko fari da ya tsaya wuri ɗaya. Tsuke lensi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk dattin sensa zai bayyana: ƙura tana gogewa, karce ba ya gogewa. Soka makirfo ka girgiza wayar a hankali kana saurare, don ramin nan shi ne ya fi saurin lalacewa a kyamarar da ta yi aikin biki. Cire lensin ka haska tocilan waya ta cikinsa, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin, fumfuna ce, kayan da suka daɗe a damshin Legas sukan kamu da ita, ka ajiye musu abinsu. Sannan ka sa mai shago ya rubuta lambar jikin kyamarar a kan rasit, da yarjejeniyar kwana nawa za ka iya dawo da ita, ka kuma haɗa lambar da wadda ke ƙasan gangar kafin ka bar shagon.